Mai gyaran da ya hana ni sayen sabuwar na'urar auna zurfi

Shekara uku ke nan ni da wani abokin aikina muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, ƙirar Westerly Centaur, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1969 zuwa 1980. Tsawonsa ƙafa 26, cikinsa na nutsewa kamar ƙafa 3. Muna ɗaure shi a bakin kogin Blackwater da ke Essex, inda teku kan janye, ruwa ya sauka fiye da mita 4, ta bar laka shimfiɗe iya ganinka. A irin wannan wuri, na'urar auna zurfi ita ce idonka.

Bara tamu ta fara hauka. In jirgi na ɗaure, lafiya lau, ta nuna mita 3 ta tsaya. Da zarar mun ɗaga filafilai iska ta karkata mu, sai ta ce 2.8, ta ce 41, ta ce 0.4, ƙararrawa ta ɗau ihu, sannan allon ya yi fari fat. Ran nan muka hau laka kusa da tsibirin Mersea, muka yi zaman awa biyar muna jiran ruwa, abokina na shan shayi yana harara ta kamar ni na janye tekun. Ni da na tashi a Yauri ina kallon masu kwalekwale suna jin ƙasan kogi da gora, sai ga ni a tsakiyar taɓo saboda na yarda da akwati.

Na riga na zaɓi sabuwa a intanet, wani maƙwabcinmu a wurin ɗaure jirage ya ce in fara kiran wani dattijo mai gyaran lantarkin jirgi, irin rewayan mota a wajenmu. Samunsa aiki ne. Sau huɗu na kira kafin ya ɗaga, ya sa mini Talata ya zo Jumma'a, ko haƙuri bai ba ni ba. Kuɗin zuwa ma daban yake caja.

Amma da ya shigo jirgin sai na yafe masa. Bai taɓa allon ba. Batir ya fara aunawa, volt 12.6, ya ce ba nan ba ne. Ya sa na tada inji don ya ga ko altaneta na jefa hayaniya cikin waya, lambobin ba su motsa ba. Ya zare filogin da ke bayan allo, ga koren tsatsa kaɗan, ya goge ya mayar. Sannan ya ɗaga katakon ƙasa, ya durƙusa ya kara kunnensa a jikin wani ɗan bututu, ya ce in zo in saurara. Tik, tik, tik, kamar agogon hannu.

Nan ya yi mini bayanin da ban taɓa samu ba. Abin da ke cikin bututun shi ne kunnen na'urar: yana harba sauti ƙasa, ya jira amsa-kuwwa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, wato a zurfin mita 3, zuwa da dawowa kashi 4 ne kawai cikin 1,000 na daƙiƙa. Namu ba a huda jirgi aka sa shi ba, a ciki yake zaune cikin mai, yana harbi ta jikin jirgin, wanda na fayiba ne. Sautin kan ratsa mai da fayiba, amma iska ko ƙanƙanuwa ce tana tare shi. Ya buɗe murfin, ya tsoma yatsa, ya nuna mini: man zurman da aka zuba tun zamanin wani ya tsiyaye ta wata 'yar tsaga a gindin bututun, saura ɗan kaɗan mai danƙo. Jirgi na tsaye, man na taɓa kunnen. Ya karkata, man ya koma gefe, kunnen ya rataye a iska.

Don kada in ce tatsuniya ce, ya cika leda da ruwa, ya sa kunnen ciki, ya jiƙa ƙasan jirgin ya danna ta. Lamba ta tsaya cak. Ya jefa igiyar auna zurfi mai dalma ta gefe, muka gwada, bambancin bai kai taki ɗaya ba.

Ya kankare tsohon gam, ya liƙe tsagar, ya ce in bar shi ya bushe in zuba mai da kaina, babu dalilin biyansa zuwa na biyu. Fam 85 na ba shi, rasit rubutun hannu. Ya kuma gargaɗe ni cewa ko bayan gyara zan ga lamba ta yi tsalle in na ratsa kumfar da babban jirgi ya bari, ko a kan laka mai laushi da ke shanye sauti, kada in kira shi a kan wannan. Katantanwar da ke manne wa ƙasan jirgi daidai wurin ma in riƙa kankarewa duk shekara.

Mun fita sau tara tun daga nan, sau ɗaya ta ruɗe, a bayan wani jirgin masunta. Mai gaggawa kada ya nemi dattijon nan, don ransa zai ɓaci kafin Jumma'a. Igiyar dalmar kuwa na sayi tawa, tana rataye kusa da sitiyari, kuma har yau abokina bai koyi jefa ta ba tare da jiƙa mini wando ba.