Kwas ɗin bazara kan dokar haƙƙin ɗan Adam: wanne ya dace da mai aiki a Accra?

Kafin sunan jami'a ya ruɗe ka, fara duba inda za ka kai ƙara idan ka dawo. Lauya ko ma'aikacin ƙungiya da ke hidima a Nima, Mamobi ko Madina, yawancin aikinsa yana tsakanin babi na 5 na tsarin mulkin Gana na 1992 da CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. In magana ta fi ƙarfin gida, ƙofofi uku ne a kusa: Hukumar Afirka a Banjul, Kotun Afirka a Arusha, da Kotun ECOWAS a Abuja. Tun 2011 Gana ta amince da sashe na 34(6) na yarjejeniyar kafa Kotun Afirka, wanda ya ba mutum damar kai ƙara Arusha da kansa, amma sai ya gama da kotunan gida. Ita kuwa ta Abuja, wadda ta samu hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki a 2005, ba ta gindaya wannan sharaɗi. Kwas ɗin da bai zauna a kan irin wannan bambanci ba, rabin amfaninsa ne zai biyo ka gida.

Shi ya sa muke sa Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria a gaba. An kafa ta a 1986, kwasa-kwasanta na mako guda ne, kowanne da maudu'insa: tsarin Afirka, haƙƙin mata, na yara, na masu buƙata ta musamman. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 ita ce abincinsu na kullum, abokan ajinka kuma mutanen da za ku sake haɗuwa ne a Banjul. Ga sauƙin tafiya: tun 1 ga Nuwamban 2023 mai fasfon Gana yana shiga Afirka ta Kudu ba biza, har kwana 90 a shekara. Aibinsa shi ne gajarta. Mako guda ba ya gina tushe, wanda bai taɓa karanta dokar ƙasa da ƙasa ba zai sha wuya. Ba lallai a bazara ake yi ba, a warwatse suke cikin shekara, in kuma naka ya faɗo a Yuli, sa rigar sanyi a jaka, hunturu ake yi a can.

Mai neman tushe ya dubi Strasbourg a Faransa. René Cassin, wanda ya samu kyautar Nobel a 1968, shi ya kafa cibiyar haƙƙin ɗan Adam a can a 1969, a garin da Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai take. Ana ɗaukar kusan mako uku, da Faransanci da Ingilishi. A lura, takardar halarta daban, difloma daban. Ta biyun sai da jarabawa mai tsanani. Cibiyar kan shirya gajeren zama a Dakar da Abijan, inda ba ka buƙatar biza sai fasfo da katin allurar shawara, amma da Faransanci ake yi. In naka na cinikin kasuwa ne kawai, kada ka ɓata kuɗin mota.

Na Oxford, wanda ake yi tare da Jami'ar George Washington, mako huɗu ne a Yuli, da kwana a kwaleji da jarabawa. Karatu ne na gaske, sai dai kuɗinsa dubban fam ne. Ya dace da wanda ofishinsa zai biya, ko mai shirin digiri na biyu da ke son gwada ƙarfinsa. Na Jami'ar American a Washington mako uku ne daga ƙarshen Mayu, ƙarfinsa ya fi a tsarin nahiyar Amurka, wanda ba kotunanmu ba ne. Makarantar Hague da ke Holan kuwa, wadda aka buɗe a 1923, dokar ƙasa da ƙasa take koyarwa gaba ɗaya. Wata shekarar haƙƙin ɗan Adam darasi ɗaya ko biyu ne a jadawalin, don haka karanta jadawalin kafin ka biya.

Inda aka fi yin asara shi ne biza. Ta Schengen, wadda ake shiga Faransa da Holan da ita, yuro 90 ce, ba a mayarwa in an hana ka, kuma sai da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin aƙalla yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45, ga cunkoson masu neman ranar ganawa daga Mayu. Ta Ingila, bizar baƙo ta wadatar ga karatun da bai wuce wata shida ba, ana nema tun saura wata uku. Kuskuren da ya fi yawa: ɗan uwa ya zuba maka kuɗi masu yawa a asusu ana saura mako guda. Jami'in biza yana ganin haka zai tambayi asalinsu. Gara takardar banki ta wata shida mai nuna albashi yana shiga, da wasiƙar wurin aiki mai faɗin ranar da za ka koma.

Wajen lissafi, haɗa kuɗin makaranta, ɗaki, tikiti, biza, inshora da abinci, ka bar rara saboda sidi ba ya tsayawa wuri ɗaya tsakanin ranar karɓa da ranar biya. Neman tallafi yakan rufe watanni kafin rajistar masu biya, wanda ya jira Afrilu sau da yawa ya makara. Biya ta asusun makarantar kawai, ban da ɗan tsakiya. Ka tambaye su a rubuce ko akwai jarabawa, ko ana turo abin karantawa kafin zuwa, da ko kuɗin zai dawo in biza ta ƙi. Takardar da za su ba ka ba lasin lauya ba ce. Wannan yana hannun Majalisar Kula da Aikin Lauya ta Gana.