Mahaɗar waya mai tsukewa da zafi: yadda ta yi a jikin kwale-kwale

Damina biyu ke nan ina aiki da wannan mahaɗa a kwale-kwale masu inji da ke su a dam ɗin Sabke da na Daberam, nan ƙasar Daura, kuma ban ga abin da ya kai ta riƙe haɗin waya a wurin da ruwa ke fantsama ba. Ƙaramin bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba mai gam a ciki. A cusa waya ta kowane ɓangare, a matse, a hura zafi, robar ta tsuke, gam ya narke ya toshe bakin.

Kala uku ake sayarwa, kuma kalar girma take nunawa: ja don waya mai kauri 0.5 zuwa 1.5 na murabba'in milimita, shuɗiya 1.5 zuwa 2.5, rawaya 4 zuwa 6. Fitilar kamun dare da ƙaramin famfon kwashe ruwa galibi shuɗiya suke ci. In aka sa siririyar waya a babbar mahaɗa, komai matsar da aka yi mata sai ta zare.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen matsewa. Filaya ta gida lanƙwasa ƙarfen kawai take yi, ta bar iska tsakanin zaruruwa, wani lokaci ma ta huda robar, to ta nan danshi zai shiga. Ana buƙatar filayar matsa mai haƙori, wadda ba ta sakin baki sai matsi ya cika. A feɗe waya kamar milimita 7, kada a yanke ko zare ɗaya. Bayan an matse a ja da ƙarfi da hannu. In ta motsa, a yanke a sake. Zafin kuma a fara daga tsakiya a yi gefe, har a ga gam ya ɗan leƙo. Na'urar hura iska mai zafi ta fi, laita tana ƙona robar ta bar tabo, ga haɗari in akwai jarkar fetur kusa.

Sai dai mahaɗa ba ta gyara waya marar kyau. Wayar gida mai sanda ɗaya karyewa take yi saboda girgizar inji. A nemi mai zaruruwa da yawa, ta jan ƙarfe da aka shafe da kuza, wadda za a gan ta fara kamar azurfa. A kula da wadda ake kawowa kasuwa mai araha, alminiyom ne aka yi masa rufin jan ƙarfe: kankare zare ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne a bar ta. Ruwan dam ba ya cin ƙarfe kamar na teku, amma tururin ruwan batir da danshin ƙasan jirgi sun isa su mayar da jan ƙarfe kore ko baƙi, haɗin ya riƙa zafi, fitila ta dushe.

Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin salatif, wannan zafin Afrilu kaɗai yake kwance shi. Liƙe waya da dalma ita kaɗai ma ba ta isa ba, don tana sandarar da waya, ta karye daidai inda dalmar ta tsaya.

A kan batir a sa mahaɗa mai zobe, ba mai buɗaɗɗen baki ba, a ɗaure noti sannan a shafa giris. Fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 18. A ɗaure wayar a jikin katako kowane santimita 45, sama da inda ruwa ke taruwa.

Aibinta shi ne tsada, da kuma jabu da ke yawo, masu roba marar gam. Kafin ka sayi kwali guda, ka karɓi ɗaya ka gasa a gaban mai shago, ka ga ko gam zai fito.