Ajin koyon Rashanci a Bauchi: malamin ya iya aikinsa, ofishin da ke gefensa ne ban yarda da shi ba

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni wurin. Shekararsa uku da gama karatun injiniyan lantarki, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana haɗa wa mutane sola a unguwa, yau da aiki gobe babu. Wata ran bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida da takardar talla a hannu, ya durƙusa ya ce, "Kawu, akwai wata cibiya da ke koyar da harshen Rasha, kuma suna nema wa mutum aiki a can." Uwarsa ta riga ta ce ba ruwanta, sai abin da na yanke. Ni kuwa shekara 35 na yi cikin kaki, yawancinsu a rundunar tankokin yaƙi, kuma a nan Bauchi na koyi aikin. Duk lokacin da na ji an ce Rasha na neman samari, kunnena yakan tashi. Na ce zan biya, amma tare za mu riƙa zuwa. Naira 45,000 ne kuɗin mutum ɗaya na wata uku, na biya na mutum biyu. Yanzu mun ci mako tara.

Wurin yana saman wani bene ne a hanyar Yelwa, ƙasansa shagon kayan gini. Matattakalar tana da tsayi, ga ƙunci, mai ciwon gwiwa irina ya shirya. Ajin na ɗaukar mutum 20, akwai fanka biyu da ke aiki da sola, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da darasi, amma ƙarfe huɗu na yamma ɗakin kamar tanda yake. Ka zo da ruwanka. Ana shiga Litinin, Laraba da Asabar, kuma ana tsayawa a yi sallah a kan lokaci.

Malamin dai ban da abin cewa a kansa sai alheri. Ɗan nan jihar ne, ya yi karatun injiniya a Rasha shekara shida, kuma ya san inda Bahaushe ke tuntuɓe. Haruffan Rashanci 33 ne, wasunsu mayaudara: ka ga P ka ɗauka ka san shi, ashe "r" ake karanta shi, H kuma "n" ne, C kuma "s". Maimakon ya sa mu hadda, sai ya rubuta sunayenmu da sunayen unguwanninmu da waɗannan haruffa, Jahun, Kobi, Wunti, Gwallameji, ya ce kowa ya nemo tasa a allo. Cikin mako biyu har ni da furfurata ina haɗa baƙi. Ba ya tsawa, ba ya tsallake wanda aka bari a baya. Inda ya gaza ɗaya ne: littafin da yake rabawa kwafi ne na kwafi, wasu shafukan sun dushe har ba a gane wasali, kuma an karɓi Naira 3,000 a kansa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kowa ya je ya yi rajista, na rufe bakina. To amma akwai ƙaramin ofis a gefen ajin, da wani matashi mai ƙamshin turare da wayoyi biyu, wanda ba malami ba ne, shi ne mai "harkar tafiya". Yakan leƙo kusan ƙarshen darasi ya ce akwai guraben aiki: masana'anta, gadi, tuƙi, gini. Tikitin jirgi kyauta, masauki kyauta, albashi da dala, kuma cikin ɗan lokaci mutum ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Fasfo kawai za ka kawo da kuɗin cike takardu. Yaran ajin idanunsu har ƙyalli suke yi.

Ranar da na shiga ofishin na ce ya nuna mini takardar kwantiragin da za a sa wa hannu. Ya ce, "Baba, ai sai an sauka can ake bayarwa." Na ce sunan kamfanin fa, da garin da yake? Ya ce ya danganta da inda gurbi ya faɗo. Na ce to wa zai riƙe fasfon yaro idan ya isa? Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, kun cika bincike." Ban ce ƙarya yake yi ba, kuma ban ga ya cuci kowa da idona ba. Abin da na sani shi ne banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙasar da ke da makaman nukiliya ba ta rasa abin yi ba da za ta biya wa ɗan Bauchi kuɗin jirgi. Mutane ne ba ta da su.

Wannan lissafin na zauna na yi wa ɗan ƙanwata a daren, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A 1987 an haifi jarirai kimanin miliyan 2.5 a Rasha. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, talauci da shan barasa suka yi wa maza kisan mummuƙe, mata suka rage haihuwa, zuwa 1999 abin da aka haifa kimanin miliyan 1.2 ne kawai. Rabi ke nan. Waɗannan 'yan ƙalilan da aka haifa a wancan lokacin su ne samarin da ake so su riƙe bindiga yau, kuma su ne iyayen da ake jira su haihu. Uwa kaɗan, ɗa kaɗan: a 2024 ma haihuwar ta sake komawa wajen miliyan 1.2, waɗanda suka mutu kuma sun fi waɗanda aka haifa da kusan 600,000. Cire mata daga lissafin, maza wajen 600,000 ke nan a shekara. Daga cikinsu ake son soja, da ɗan sanda, da mai aikin rijiyar mai a Saiberiya, da mai ƙera harsashin da sojan zai harba, da mai biyan harajin da za a ba tsofaffi fansho. A watan Satumban 2024 kuma Putin ya sa hannu a ƙara yawan sojoji zuwa miliyan 1.5.

Mutanen da ba su taɓa aikin ba suna ɗauka ƙarfe ne ke yaƙi. Tankar T-55 da na fara sani mutum huɗu take ci. T-72 uku take ci, don an sa mata na'urar da ke ɗura harsashi da kanta. Amma bayan waɗannan ukun akwai makanike, da direban tankar mai, da mai kawo harsashi, da mai dafa abinci, da mai ɗaukar wanda ya ji rauni. Tanka idan ta ƙone, masana'anta za ta ƙero wata cikin watanni. Direban da ya ƙone a cikinta kuwa sai an haife shi, an yi renonsa shekara 18, sannan a fara koya masa. Babu dokar shugaban ƙasa da ke gajarta wannan.

Kuma sun gwada. Tun 2007 suke ba matar da ta haifi ɗa na biyu tallafin kuɗi. A 2022 suka farfaɗo da lambar yabo ta zamanin Sobiyet ga uwar da ta haifi 'ya'ya goma, da kyautar rubul miliyan ɗaya. Da na faɗi wannan a majalisarmu ta bakin masallaci sai da aka yi dariya, wani ya ce da a Bauchi ne da baitulmalin ya ƙare kafin azahar. Amma dubi abin da suka yi da yaƙin Yukren ya ja. A Satumban 2022 aka kira mutum 300,000 na ko-ta-kwana, dubban ɗaruruwan samari suka tsallaka iyaka zuwa Jojiya da Kazakistan, yawancinsu masu ilimin da ƙasar ke buƙata. Kamfanin sojan haya na Wagner ya shiga gidajen yari yana ɗibar fursunoni. Daga Janairun 2024 aka ɗaga iyakar shekarun da za a iya kiran mutum aikin soja na dole daga 27 zuwa 30. A ƙarshen shekarar sai ga sojojin Koriya ta Arewa suna taya su yaƙi a yankin Kursk na Rasha. A Janairun 2024 ɗin ne kuma aka fitar da dokar da ta sauƙaƙa wa baƙo zama ɗan ƙasa idan ya sa hannu a kwantiragin soja na shekara guda. Nan ne maganar "takardar zama ɗan ƙasa cikin ɗan lokaci" ta daina yi mini daɗin ji. Nefal ta dakatar da ba 'yan ƙasarta izinin zuwa aiki Rasha bayan an kashe mata mutane a fagen daga. Indiya ta nemi a sako nata da aka kai da sunan aikin taimako. 'Yan mata daga ƙasashen Afirka kuma an kai su Alabuga a yankin Tatarstan da sunan karatu da aiki, suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙa.

Ƙarancin mutane ba a bakin daga kaɗai yake cizo ba, har cikin gida. A 2018 da aka ɗaga shekarun ritaya, maza daga 60 zuwa 65, mata daga 55 zuwa 60, saboda masu aiki sun yi kaɗan a kan masu karɓar fansho, mutane sun fito zanga-zanga a birane da dama. Yankunan da har yanzu ake haihuwa sosai, irin su Dagestan da Tuva, su ne talakawa, kuma daga irinsu ake yawan ɗibar soja; a Dagestan mata sun fito titi a 2022 suna cewa a bar musu 'ya'yansu. Ƙasar ta dogara da leburori daga Uzbekistan da Tajikistan, amma bayan harin da aka kai zauren kiɗa na Crocus da ke bakin Mosko a Maris ɗin 2024 sai aka shiga kama su ana kora. Ana buƙatarsu, ana tsoronsu. A Yunin 2023 kuma shugaban Wagner, wanda aka bari ya tara runduna don soja bai isa ba, ya juya ya kama hedikwatar soja a Rostov ya nufi Mosko.

Ba Rasha kaɗai ba ce. Sin ma jama'arta sun fara raguwa a 2022, karo na farko tun 1961, kuma soja ɗan tilo wanda iyaye biyu da kakanni huɗu ke kallo ba a tura shi mutuwa da sauƙi. Japan kusan rabin sabbin sojojin da take nema ta samu a 2023. Amma su ba su buɗe ofis a hanyar Yelwa ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗaga hannu a aji kamar ɗan firamare, na ce, "Malam, kafin a koya mana sayen burodi, a koya mana yadda ake rubuta aikin soja da ma'aikatar tsaro." Ya dube ni, ya dubi ƙofar ofishin, ya ɗauki alli. Ya rubuta "voyennaya sluzhba" da "Ministerstvo oborony" da haruffansu, manya-manya, ya sa kowa ya kwafa sau goma, ya ce duk takardar da kuka ga waɗannan a kanta kada alƙalaminku ya taɓa ta, ko da an ce muku ta masauki ce. Wannan darasin kaɗai ya biya Naira 45,000 ɗina. Daga ranar mai turaren ya daina gaishe ni.

Don haka mai son harshen don neman gurbin karatu ta hanyar gwamnati ko jami'ar da ya tabbatar da ita, ko don ciniki, ajin ya cancanci kuɗinsa, kuma da wuya ka samu malami kamar wannan a nan kusa. Ka biya kuɗin darasi a hannun malamin, ka karɓi rasit. Ofishin gefe kuwa kada ka ba shi fasfo, kada ka ba shi ko kwabo, sai ka ga kwantiragi a rubuce da sunan kamfani da gari, ka kai wa wanda ya iya harshen ya karanta maka shi layi-layi.

Ɗan ƙanwata yana nan yana zuwa aji, ya ma fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, yanzu yana karanta takardun bayanin injin da ake rubutawa da Rashanci. Fasfonsa yana cikin akwatina na ƙarfe tare da takardun fanshona. Sabon zango zai fara bayan sallah, malamin ya ce zai sake buga littafin, kuma na ce masa idan shafi na 14 ya sake fitowa a dushe sai ya mayar mini da dubu ukuna.