Tirelar keke ko kujerar baya: wanne ya dace da yaro a Kumasi?

Kullum da safe nakan kai 'yata makaranta a keke daga Aboabo, kuma duka biyun na gwada su.

Tirela, wato ɗan amalanken da keke ke ja a baya, tana da ƙafa biyu, shi ya sa ko keken ya kife, yawanci ita tana tsaye. Yarinya takan yi barcinta a ƙarƙashin rumfa, ga wurin ajiye jaka da cefane. Amma faɗinta ne matsala. A lungunan Asawase, ga kwata a buɗe, ga mai koko a bakin hanya, sai na sauka na tura. Abin da ya fi damuna, tana ƙasa sosai, daidai bututun hayaƙin trotro, wato ƙananan bas na haya, kuma direba ba ya hango ta sai da tuta. A titunan cikin jami'ar KNUST kam, ba ta da na biyu.

Kujerar baya ta fi araha, duk inda keke ya shiga ta shiga. Yawancinsu kilo 22 suke ɗauka. Sai dai nauyin yana sama, in na faɗi mun faɗi tare, don haka hular kwano dole ce, kuma a ɗaure ƙafafun yaro kada wayoyin ƙafar keken su kama su.

In zan bi hanyar kasuwar Kejetia mai cunkoso, kujera nake ɗaurawa.