DJI Matrice 4T: yana ganin mutum cikin duhu, amma bai san ko wane ne ba

Ni ke kula da wata gonar shanu da masara a yankin Igabi na jihar Kaduna, kuma Matrice 4T ne jirgi marar matuƙi da muke sintirin dare da shi. A farkon 2025 kamfanin DJI ya fito da shi. Nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma a takarda yana yin minti 49 a sama, ko da yake iska tana rage hakan, shi ya sa batir biyu ba sa isar mai gadin dare.

Kyamararsa mai gano abu ta zafin jikinsa ita ce abin da kuɗinka ya saya. Da asubar hunturu, lokacin da ƙasa ta huce, shanu sukan fito fari tas a allo, har ka ga ɗan maraƙin da ya kwanta nesa da uwarsa. Mutumin da ya laɓe a gindin kuka ma ba ya ɓuya. Da rana tsaka a bazara kuwa, ƙasa da duwatsu sun ɗauki zafi kusan daidai da jikin mutum, sai hoton ya dagule. Wannan halin duk kyamarar zafi ne. Zuƙowar kyamararsa ta hoton yau da kullum kuwa ta kai ninki 112, kuma jirgin yana auna nisa da hasken lesa har mita 1,800, amma hazo mai kauri yana cinye nesan.

Sai abin da aka fi tallata shi da shi: da kansa yake gano mutane da motoci da jiragen ruwa, ya zana musu akwati a allo, ya ƙirga su. Yana yi, kuma da sauri. To amma akwatin da yake sa wa ɓarawon shanu shi ne dai wanda yake sa wa mai neman itace da yaron da ya biyo akuyarsa. Mu a Igabi ba ma ɗaukar wannan da wasa. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a ƙauyen Tudun Biri da ke nan Igabi, aka binne aƙalla mutum 85. Wancan babban jirgin yaƙi ne, ba irin namu ba, amma shi ma daga sama aka ga taro aka yanke hukunci. Don haka a gonarmu babu mai gadin da ke tunkarar kowa saboda akwatin allo. Sai an zuƙo an ga tafiyarsa da abin da ke hannunsa, an kuma kira mai unguwa.

Ga babbar gona ko ƙungiyar makiyaya da za ta haɗa kuɗi, ya cancanci saye. Kafin ka biya, nemi takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ka yi rajista da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, kuma ka sanar da jami'an tsaron yankinku daren da za ku tashe shi.