Ƙamus ɗin Cambridge na intanet: yaya yake da kalmomin zuzutawa da wuce gona da iri?

Duk mai koyon Turanci da ya ɗan yi nisa ya san exaggerate. Matsalar ita ce da ita kaɗai yake aiki. Mai ƙara wa labari gishiri, exaggerate. Kamfanin da ya kambama ribarsa, exaggerate. Wanda ya zaƙe wajen motsa jiki har ya ji ciwo, ita ɗin dai. Turanci kuwa ya ba kowanne kalmarsa. Shi ya sa wannan rukuni ya dace a auna ƙamus da shi, don a nan ake gane ko bayani yake yi ko jera kalmomi kawai. Ƙamus ɗin Cambridge na intanet, wanda kyauta ne, ya yi ƙoƙari matuƙa, amma sai mai amfani ya san inda zai sa ido.

Furuci shi ne wurin da ya fi burgewa. Kowace kalma tana da maɓallin sauti biyu, na Ingila da na Amurka. A exaggerate za ka ji harafin x yana fita kamar gz, g ɗin nan biyu suna fita kamar j, nauyin murya kuma yana kan gaɓa ta biyu: ig-ZA-ja-reit. Ita kuwa hyperbole, wato zuzutawa a magana, gaɓa huɗu ce, hai-PA-ba-li. Da yawa suna karanta ta da gaɓa uku, su ƙare da "bol", saboda yadda aka rubuta ta. Sauraro biyu ya isa ya gyara wannan.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne 'yan haruffan da ke gefen kalma, alhali su ne jigon aikin. Harafin I yana nufin fi'ili zai iya tsayawa shi kaɗai, T kuma yana nufin sai an faɗi abin da aikin ya faɗa wa. Exaggerate tana ɗaukar duka biyun, don haka "You're exaggerating" cikakkiyar jimla ce. Overstate ba haka take ba: sai ka ce "overstate the problem" ko "overstate the risk", in ba haka ba jimlar ta rataye. Overdo ma tana buƙatar abin da za ta kama, shi ya sa ake cewa "Don't overdo it" ga wanda ya tashi daga jinya yana neman komawa aiki gadan-gadan. Wannan it ɗin ba ado ba ne, in ka cire shi maganar ta lalace. Ƙamus ɗin ya kuma nuna sigoginta, overdid da overdone, kada wani ya rubuta "overdoed". A lura, overdo ta aiki ce, ba ta magana ba, kuma overdone ita ake faɗa wa naman da ya daɗe a wuta.

Alamun formal da informal su ma suna da amfani. Go overboard, lay it on thick da over the top duk na hira ne, ba su dace da rahoton ofis ko takardar jarrabawa ba. A can overstate ko inflate ake so, musamman idan ana zancen alƙaluma: inflated figures, inflated prices. Inda salon magana na Ingila ne kawai, kamar over-egg the pudding, akan sa masa alamar UK.

Rauninsa yana cikin sashen da aka sa wa suna SMART Vocabulary, a ƙasan shafi. Yana tara kalmomi masu alaƙa a wuri guda, amma ya haɗa na zuzutawa da na rage wa abu girma ƙarƙashin take ɗaya. Sai ka ga understate da downplay suna zaune kusa da overstate, babu wata alama da ke nuna kishiyoyi ne. Wanda ya kwafi jerin nan a matsayin masu ma'ana ɗaya ya shiga uku. Dole sai an latsa kowace an karanta. Haka kuma jerin ba ya gaya maka bambancin da ke tsakanin makusanta. Embellish da embroider ƙara wa labari ado ne da abubuwan da ba su faru ba. Overreact ta shafi yadda mutum ya mayar da martani, fushi ko tsoro fiye da kima. Hype zuzuta kaya ne a talla da kafafen yaɗa labarai. Overrated kuma hukunci ne, wato yabon da ake wa abu ya fi ƙarfinsa. Duk ma'anonin suna ciki, amma a warwatse, kai za ka haɗa su da kanka.

Misalan jimloli kashi biyu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Gajerun da ke ƙarƙashin ma'ana editoci ne suka tsara su, a nan za ka tsinci abokan tafiyar kalma, kamar greatly exaggerated da grossly exaggerated. Dogayen da ke can ƙasa an kwaso su ne daga tarin rubuce-rubuce, yawancinsu na bincike ne ko muhawarar majalisa, masu nauyi ga ɗan koyo. A fara da gajerun. Akwai kuma tarko ɗaya da ya kamata a tsaya a kai: "Its importance cannot be overstated" yabo ne, ma'anarsa duk yadda ka kambama muhimmancin abin ba ka yi ƙari ba. Masu rubutu kan sa understated a gurbin, sai maganar ta juye.

A waya, tallace-tallace suna cin wuri, kuma shafi ɗaya yakan jera ma'anar Ingila, ta Amurka, wani lokaci har da ta kasuwanci, sai an yi ta gungurawa. Wajen neman salon magana kuma, kada ka rubuta shi yadda ka gan shi a jimla. Idan ka ci karo da "they blew it out of proportion", mayar da fi'ilin asalinsa ka rubuta blow, ka sa something a gurbin it, sannan ka zaɓa daga abin da akwatin nema ya kawo maka.