Tsohon keken Raleigh na Baba ko keke mai giya ɗan Kwatano: wanne zai jure zuwa Kwari kullum?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa a Rijiyar Zaki yake zaune, yana tsaron shago a Kantin Kwari, kuma kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfinsa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Akwai tsohon keken Raleigh na mahaifinsa jingine a zaure, ya yi shekaru ba a hau ba. Ya tayar da shi ne, ko ya haɗa kuɗi ya sayi keke mai giyar canza gudu irin 'yan Kwatanon nan?

Malam, in dai ƙarfen keken lafiya yake, na Baba za ka tayar. Amma sai ka tabbatar da lafiyar tukuna. Fito da shi rana, ka goge ƙura, ka tsuguna ta gefe ka dubi ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. In ya ja baya, an taɓa yin karo da keken. Sai ka shafa bututun da ya gangaro daga wuya zuwa feda, daidai ƙarƙashin wuyan: in ka ji tudu ko fenti ya yamutse a wurin, ƙarfen ya lanƙwashe, kuma ba na ba da shawarar a hau irinsa a titin Kabuga. Tsatsar sama ba komai ba ce, wadda ta huda ƙarfe ita ce matsala. In ya tsallake wannan, saura duk abin saye ne.

Mai giya yana da abu biyu da ya fi tsohon keke da su, ba na musu. Na farko birki. Na Raleigh na sanda ne, roba ce ke jan wilin ƙarfe daga ciki, kuma da ruwa ya taɓa wilin sai ka matse hannu keke ya ci gaba da tafiyarsa. Mai giya na kirki wilinsa na alminiyam ne, birkin waya yana kama shi ko a cikin ruwa. Na biyu nauyi: tsohon keken yakan kai wajen kilo 20, za ka ji shi a cinya lokacin fitowa daga gadar ƙasa ta Kabuga.

To amma hawa nawa ne tsakanin gidanka da Kwari? Kano shimfiɗaɗɗen gari ne. Giya 18 ko 21 ɗin da ake yi maka talla, biyu ko uku kawai za ka riƙa taɓawa, saura kayan lalacewa ne. Abin canza giyar yana rataye ƙasa-ƙasa a gefen tayar baya, ba murfi. Ranar da aka ture maka keke a wurin ajiya, cikin cunkoson babura, ya faɗi ta hannun dama, ya karkace ke nan: sarƙa ta fara tsalle, wataran ma ya shige cikin sifok, wayoyin wilin nan, ya tsinke su. Sannan ga ƙurar hunturu. Sarƙar mai giya siririya ce, a buɗe take, in aka zuba mata baƙin mai ƙura ta hau, sai ta koma kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin kanta tana cin haƙora. Ta Raleigh mai kauri ce, layinta ɗaya, in kuma murfinta na nan ba abin da zai shige ta, ƙafar wandonka ma ta tsira. Maganin nauyin kuwa mai araha ne. Yawanci firwil ɗin baya, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, mai haƙori 18 ne. Ka sa a canza maka mai 20, a ƙara wa sarƙa gaɓa in ta yi gajarta. Gudu zai ɗan ragu, amma tashi daga tsayuwa da hawan gada za su yi sauƙi sosai.

Babban dalilina dai shi ne mai gyara. Irin wannan keken ya daɗe a hannunmu. A Nottingham ta Ingila aka kafa Raleigh, har masana'anta ya yi a Kano, sannan Phoenix na Shanghai da Flying Pigeon na Tianjin da Hero da Avon na Indiya duk suka biyo fasalinsa. Shi ya sa duk mai facin da ke gindin bishiya ya san shi ciki da waje, kayansa kuma suna cikin akwatinsa. Mai giya kuwa kowanne da irin kayansa, sau da yawa sai an ciro na wani mataccen an dasa maka.

Sai dai ka tsaya a kan mai gyaran a wurare uku. Tsohon Raleigh na Ingila zaren kwanon boris ɗinsa na wajen feda da na wuya 26 ne a inci, na yawancin sauran kekuna 24. In aka ɗauko sabon kwano aka tura da ƙarfi, zaren ya tafi. Don haka in tsofaffin kwanukan ba su yi rami ba, a wanke su da kananzir, a zuba sabon boris da giris, a mayar da su. Na biyu kota, ƙusar nan da ke riƙe hannun feda. In ta saki za ka ji ƙafar hagu tana faɗawa "ƙas" duk zagaye. Ana buga ta ne da guduma ta zauna, a tokare ƙarƙashin hannun fedar don kada boris ya sha dukan, sannan a ɗaure noti. Wanda ya ce zai jawo ta da notin kawai, tsinke zaren zai yi. Na uku taya. Taka 28 x 1½ ce, ka nemi lamba 635 a jikinta, don akwai wata da ita ma ake kira 28 amma 622 ce, ba za ta hau wilinka ba. Tayar da ta yi shekara da shekaru a zaure kuwa, ko zanenta bai goge ba, gefenta ya bushe ya tsattsage. Canza duka biyun da tiyub ɗinsu, a naɗe cikin wilin don kada kan sifok ya riƙa huda tiyub.

Wajen kayan hawa ma tsohon ya riga ya yi gaba. Da kariyarsa ya zo, da madigadi, da jak mai ƙafa biyu, da ƙararrawa. Ɗan Kwatano tsirara yake zuwa: jaka a baya, ka isa shago riga ta jiƙe da gumi, da damina kuma tayar baya ta zana maka layin taɓo daga kugu har wuya. Abin da za ka ƙara wa Raleigh kaɗan ne. Sabuwar robar birki gaba da baya, a saita ta kusa da wili, kuma in ana ruwa ka riƙa ɗan jan birkin tun daga nesa don ya share wilin. Fitila fara a gaba, ja a baya, masu caji; dainamon Baba yana da kyan gani, amma da ka tsaya a mahaɗa ya mutu, a daidai lokacin da kake buƙatar mai mota ya gan ka. Sai sarƙa mai kauri da kwaɗo, a ɗaure ƙarfen keken da wani abu kafaffe, ba taya kaɗai ba. Famfo, sholisho, faci da sifana su zauna a ƙarƙashin sirdi. Hular kwano ma ka saya, ko za a yi maka dariya a layi. Sirdin kuma ka ɗaga shi har ƙafarka ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa; yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa.

In ƙarfen ya faɗi jarrabawa, ko layinku rairayi ne zalla inda siririyar taya za ta riƙa nutsewa, ko da a ce Jos kake mai hawa da gangara, to nan mai giya ya yi. Ka guji mai sifirin a tsakiya da gaba, nauyi ne kawai da ƙara. Nemi mai ƙarfe sak, wilin alminiyam, da kayan giya na Shimano. Kafin ka biya, ɗaga bayan a juya feda ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka dubi haƙoran baya: in sun yi tsini sun karkata gefe guda, sarƙa da haƙoran duk sai an canza, ka cire kuɗinsu daga ciniki. In tayar mai ƙuraje ce, musanya ta da mai sulɓi, don a kan kwalta ƙurajen ƙarfinka kawai suke sha.